Mawaƙa mata na ƙasar Haiti: da wa za a fara, kuma yaya alherinmu zai isa gare su daga Legas?

Maman Ilham, Agege

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da shagon ɗinki a Agege, kuma kowa ya san shagon tela ba ya rabuwa da sauti tun daga buɗewa har rufewa. Tun lokacin da waƙar da Burna Boy ya yi tare da Joé Dwèt Filé, mazaunin Faransa ɗan asalin Haiti, wata ƙasa a yankin Karibiyan, ta karaɗe garin nan a 2025, yaran shagona suka kamu da son kiɗan da ake kira konpa, ni ma kuma ya kwanta mini a rai, domin kiɗa ne mai natsuwa da ba ya hana mutum jin abin da mai kawo ɗinki yake faɗa. Sai dai na lura cewa duk waƙar da manhaja za ta zaɓo mana bayan wadda muka saka, ta namiji ce ko ta ƙungiyar maza zalla, mace kuwa sai dai a ji ta daga baya tana amshi.

Tambayata ga waɗanda suka san ƙasar nan ita ce: su wane ne matan da suka yi suna a waƙar Haiti, tsofaffi da na yanzu, kuma akwai masu gambara a cikinsu kamar yadda muke da su a nan? Sannan idan mutum ya ji daɗin aikin mace daga cikinsu, yana zaune a Legas da nairarsa, wace hanya ce za ta sa wani abu ya shiga hannunta da gaske? Abu na ƙarshe, wanda ya fi damuna a matsayina na uwa, shi ne 'ya'yana mata sun fara rera baitocin da babu wanda ya san ma'anarsu a gidan, kuma ba na son bakinsu ya saba da abin da zan ji kunyarsa in an fassara mini.

Malam na Idi-Araba

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Maman Ilham, ni malamin Faransanci ne, kuma ta hanyar karatun harshen na fara sanin waƙoƙin Haiti, saboda haka zan ɗauki ɓangaren tarihi da ma'ana, in bar wa matasa batun kuɗi.

Abin da kika lura da shi yana da asali. Nemours Jean-Baptiste ne ya ƙirƙiro konpa a 1955, kuma kiɗan ya girma ne a hannun manyan ƙungiyoyin gidajen rawa masu ƙaho da jita da ganguna, irin su Tabou Combo a da, da Carimi da Klass daga baya, waɗanda jagororinsu maza ne. Wanda ya shiga waƙar Haiti ta wannan ƙofa zai yi tafiya mai nisa kafin ya ga mace a kan gaba. Inda matan suka kafa tarihi shi ne waƙar gargajiya da waƙar nuna adawa da zalunci, kuma wasunsu sun sha wuya ƙwarai a kan haka.

Ki fara da Martha Jean-Claude, wadda aka haifa a 1919 ta rasu a 2001. Gwamnatin Paul Magloire ta ɗaure ta a 1952 tana da juna biyu, daga nan ta yi gudun hijira zuwa Kuba, inda ta shafe shekaru fiye da talatin tana rera waƙoƙin ƙasarta, ba ta samu komawa gida ba sai bayan faɗuwar mulkin gidan Duvalier a 1986. Sa'arta ita ce Emerante de Pradines, wadda ta rasu a 2018 tana da shekara 99, tana kuma cikin matan farko da suka ɗauko waƙoƙin talakawan karkara suka kai su ɗakin ɗaukar sauti a lokacin da masu hannu da shuni na Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, ke ƙyamar duk abin da ba Faransanci ba. Sai Toto Bissainthe, haifaffiyar Cap-Haïtien a 1934, 'yar wasan kwaikwayo da ta yi shekaru masu yawa a Paris, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar wasan baƙaƙen fata ta Les Griots, ta rasu a 1994. A ganina muryarta ce mafi nauyi a cikinsu duka. Ba murya ce ta shagon da ake hira ba, tana bukatar mutum ya zauna shi kaɗai ya saurara. A cikin masu rai, Emeline Michel ce ake kira sarauniyar waƙar Haiti. 'Yar Gonaïves ce, garin da aka shelanta 'yancin kan ƙasar ranar 1 ga Janairu, 1804, kuma tana haɗa konpa da kiɗan gargajiya da jaz cikin ladabi da kamun kai, har ina ganin ita ce ta fi dacewa da abin da kike nema wa shago.

Idan kina son hanya mafi gajarta, ki nemi kundin Nathalie Joachim mai suna Fanm d'Ayiti, wato Matan Haiti, wanda ya fito a 2019. Mai busa sarewa ce da aka haifa a Brooklyn, ta koma ƙauyen iyayenta a kudancin Haiti, ta ɗauki muryar kakarta da ta 'yan matan ƙauyen, ta kuma sake rera waƙoƙin magabatanta mata, har da muryoyin wasunsu suna ba da labarin kansu. Mu 'yan Legas mun taɓa cin karo da wannan kundi ba tare da mun kula ba: a gasar Grammy ta 2020 yana rukuni ɗaya da African Giant na Burna Boy, shekarar da Angélique Kidjo ta lashe kyautar, amma duk surutun da aka yi a garin nan a kan wannan dare ban ji wanda ya tambayi ko wace ce matar Haiti da ke cikin jerin ba.

Yanzu batun ma'ana, wanda ba zan ɓoye miki komai a kansa ba. Mafi yawan mutanen Haiti Kiristoci ne, amma addinin gargajiya na Vodou yana da ƙarfi, har gwamnati ta amince da shi a hukumance a 2003, kuma tushensa yana nan kusa da mu, wajen Fon na Jamhuriyar Benin da Yarabawa da mutanen Kongo, waɗanda aka kwasa aka kai gonakin rake na Faransawa. (Takardun masu gonakin na ƙarshen ƙarni na 18 sun lissafa har da Hausawa a cikin bayin, ko da yake ba su da yawa.) Wanda ya san bori zai gane tsarin, domin kowane iska yana da kiɗansa da kirarinsa. Da yawa daga waƙoƙin gargajiyar da Toto Bissainthe da Carole Demesmin suka rera, haka nan na Moonlight Benjamin da na ƙungiyoyin salon rasin, wato kiɗan tushen gargajiya, kamar Boukman Eksperyans da RAM, daga can aka ɗebo su. Idan kika ji sunaye irin su Legba, Ogou, Ezili ko Danbala ana maimaitawa, to kiran iskoki ne ko kirarinsu, kuma a nan kowace uwa Musulma ta san hukuncin da za ta yanke wa gidanta. Waƙoƙin konpa na zamani kuwa galibinsu soyayya ce da kishi da ƙorafin aure, matsalarsu idan akwai ta tana cikin bidiyo ne da salon rawar, wadda ake yi mace da namiji manne da juna.

Harshen waƙoƙin shi ne Kiriyol, wanda kundin tsarin mulkin 1987 ya mayar harshen hukuma tare da Faransanci. Yawancin kalmominsa daga Faransanci ne, amma ginin jimlarsa daban ne, kuma ana rubuta shi yadda ake furtawa, abin da ke sauƙaƙa wa mai karanta Hausar boko. Ki nemi rubutattun baitocin waƙa a intanet, ki saka su a Google Translate, wanda yake da Kiriyol yake kuma da Hausa. Zai ba ki jigon waƙar, ko da yake zaurance da habaici suna kuɓuce masa, kuma a nan ne mawaƙa kan ɓoye batsa.

Ɗan Surulere

Anti, barka da ƙoƙari. Malam ya gama da magabata, ni kuma aikina haɗa sauti ne a wani ƙaramin situdiyo, don haka bari in faɗi abin da na sani game da na yanzu da kuma yadda kuɗin ke tafiya.

Gambara da harshen Kiriyol ta faro ne a farkon shekarun 1980 ta hannun Master Dji, kuma kamar konpa, maza ne suka mamaye ta, musamman ƙungiyoyi irin su Barikad Crew da Rockfam. Macen da ta fi kowa tsayawa a wannan fage ita ce Princess Eud, wadda ta taso a Jalouzi, unguwar talakawa da ke manne a jikin tsauni a saman Pétion-Ville da ke gefen Port-au-Prince, ta fara suna a ƙungiyar Mystik 703 kafin ta tsaya da ƙafarta, kuma tana yawan taɓo halin da mata da marasa galihu ke ciki. Akwai Kanis, wadda da farko aka sani da Niska, mai cakuɗa Kiriyol da Faransanci da Ingilishi a baiti guda, sai dai bidiyoyinta ba na kallon yara ba ne. A Montreal ta Kanada, inda 'yan Haiti suke da yawa, akwai J.Kyll ta ƙungiyar Muzion, wadda tun ƙarshen shekarun 1990 take fafatawa da maza. A ɓangaren rera waƙa kuma, ki nemi Rutshelle Guillaume, wadda ta karanci falsafa kafin waƙa ta ɗauke ta, kundinta na farko ya fito a 2014, sai Darline Desca, Fatima Altieri, Bedjine, da Anie Alerte. Da zarar kin saurari biyu ko uku daga cikinsu har ƙarshe, kin kuma danna alamar bibiya, manhajar za ta fara kawo miki sauran da kanta, domin ba ta san komai ba sai abin da kika nuna mata.

Batun kuɗi shi ne inda mutane ke yaudarar kansu. Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, yana tara kuɗin da aka samu a kowace ƙasa daban, ya raba wa masu waƙoƙi gwargwadon yawan sauraron da aka yi musu a wannan ƙasar. Tun da kuɗin rajistar wata a nan kaɗan ne idan aka auna da dala, sauraro ɗaya daga Agege ba ya kai darajar sauraro ɗaya daga Miami ko Montreal, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba ba ta samun ko sisi. Haka abin yake a YouTube, inda kuɗin talla ya danganta da ƙasar mai kallo. Audiomack da Boomplay, waɗanda yawancinmu muke amfani da su kyauta, su ma ba za su cika wa kowa aljihu da sauraron mutum ɗaya ba. Sannan abin da ya fito ma sai ya bi ta hannun mai rarrabawa da mai kamfani kafin ragowar ta kai ga mawaƙiya.

Hanyar da kuɗi ke zuwa kusan kai tsaye ita ce sayen kundi a Bandcamp, shafin sayar da waƙoƙi a intanet, inda kamfanin ke cire kashi 15 cikin ɗari na cinikin waƙa, bayan ɗan abin da masu sarrafa biyan kuɗi ke ɗauka, sauran ya tafi ga mai aikin ko kamfaninta. Kundi ɗaya da aka saya ya fi sauraro dubbai daga nan. Cikas biyu ne: ba dukkansu ke da shafi a can ba, an fi samun na ƙasashen waje irin su Leyla McCalla da Nathalie Joachim, sannan sai kin tabbatar katin bankinki na naira yana biyan kuɗi a waje, tun da bankuna da dama sun dakatar da hakan a 2022, kuma ba duka suka dawo da shi a kan sharaɗi ɗaya ba. Abin da kawai zan roƙa shi ne a daina karɓar waƙoƙinsu wajen masu tura waƙa a waya ko a tashoshin Telegram, domin wannan ko lissafin sauraro ba ya ƙara musu.

Hajiya ta Obalende

'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ban raina ilimin da ke ciki ba, amma ina da magana. Marigayiya Barmani Choge ta yi shekaru masu yawa tana kiɗan amada, babu gidan bikin da bai san muryarta ba daga Funtuwa har Legas, ta rasu a 2013, kuma har gobe ana sayar da waƙoƙinta a kasuwa a katin waya ba tare da an tambayi ko iyalinta na samun wani abu ba. 'Yan matan da ke rera waƙoƙin finafinan Hausa, sau da yawa jarumar da ta motsa baki a bidiyo ce ke kwashe suna, mai muryar kuwa an sallame ta da abin da bai taka kara ya karya ba. A unguwarmu akwai zabiyoyi da masu kiɗan ƙwarya da suka tsufa, babu mai ɗaukar muryarsu ko da a waya. Ina ganin kafin mu nemi katin da zai biya dala zuwa tsibirin da ba mu taɓa gani ba, ya kamata mu duba na ƙofar gida. Ban ce kada a saurari na Haiti ba, Maman Ilham, kowa da abin da kunnensa ke so, amma kalmar tallafi tana da nauyi, kuma ina jin na kusa sun fi cancanta da ita.

'Yar Akoka

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarku gaskiya ce game da Barmani da masu amshin finafinai, kuma ba na jin akwai mai musunta. Sai dai ina ganin abin da Nathalie Joachim ta yi wa magabatanta shi ne ainihin abin da kuke kira a yi wa namu: ta je ta zauna da tsofaffin, ta ɗauki muryarsu suna raye, ta rubuta sunan kowace a jikin aikin. Yarinyar da ta saurari wannan kundi a Agege tana iya tashi da tunanin ɗaukar zabiyoyin unguwarku kafin su tafi.

Abin da nake so in ƙara ga Maman Ilham shi ne a bambanta tsakanin mawaƙiyar da ke zaune a Haiti da wadda ke Amurka, Kanada ko Faransa, domin halin da suke ciki ba ɗaya ba ne. Tun bayan kisan Shugaba Jovenel Moïse ranar 7 ga Yuli, 2021, gungun 'yan bindiga suka yi ta mamaye unguwannin Port-au-Prince, kuma a farkon 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda suka rasa muhallinsu a cikin ƙasar sun haura miliyan ɗaya. A Nuwamban 2024 aka harbi jiragen fasinja a sararin babban birnin, abin da ya sa Amurka ta hana jiragenta sauka a can. A Yulin 2025 aka ƙone otal ɗin Oloffson, inda ƙungiyar RAM, wadda Lunise Morse ke jan waƙa a cikinta, ta shafe shekaru tana wasa kowane daren Alhamis. Mawaƙi a ko'ina da taron jama'a yake ci, balle a ƙasar da sauraron intanet ba ya kawo abin kirki, kuma idan dandali ya rufe, hanya ta toshe, biza ta yi wuya, mace mai ƙananan yara ce ke fara barin sana'ar. Abin takaicin shi ne waɗanda ke da shafin sayarwa da asusun karɓar dala galibi su ne na waje, waɗanda suka fi bukata kuma su ne mafi wuyar kaiwa gare su.

Duk da haka ba na son mu saurare su da fuskar tausayi. Duniya ta saba ambaton Haiti ne kawai idan an yi girgizar ƙasa irin ta 12 ga Janairu, 2010, ko an yi juyin mulki, kuma na ga yadda mutanenmu ke cika sashen sharhi da jaje a ƙarƙashin waƙar soyayya da aka yi don a yi rawa. Mélissa Laveaux, wadda aka haifa a Montreal, ta gina kundinta na 2018 a kan waƙoƙin da mutanen Haiti suka riƙa yi wa sojojin Amurka habaici da su a lokacin mamayar 1915 zuwa 1934, kuma kiɗan cike yake da raha da izgili. Wanda zai yi sharhi, ya faɗi abin da ya burge shi a muryar ko a kiɗan, ya kuma ce daga Legas yake, domin masu shirya wasanni da masu kamfanoni suna duba daga ina masu sauraro suke kafin su yanke shawarar inda za su kai mawaƙi.

Malam na Idi-Araba

Wannan batu na ƙarshe ya fi ƙarfin a wuce shi da sauri, domin a nan ne zamanmu a Legas yake da amfani fiye da nairarmu. Garin nan ne yake yanke wa rabin nahiyar abin da za ta saurara, kuma ƙofar da waƙar Burna Boy ta buɗe wa konpa namiji ne ya fara shiga ta cikinta. Ɗan Surulere, kai da abokan sana'arka kuna tare da masu saka kiɗa a biki da masu shirye-shiryen rediyo kullum. Idan ɗayansu ya saka Rutshelle Guillaume ko Emeline Michel a tsakiyar jerin waƙoƙinsa ya kuma faɗi sunanta da kyau, mutum ɗari za su nema a waya kafin a tashi. Cibiyar Alliance Française da ke Ikoyi tana shirya wasannin kiɗa, musamman a watan Maris lokacin bikin ƙasashe masu amfani da Faransanci, wanda Haiti ke cikinsu, da kuma ranar kiɗa ta 21 ga Yuni, kuma babu abin da zai hana mu rubuta musu takarda da sa hannun mutane da dama muna neman a gayyato mace daga Haiti.

Gargaɗi ɗaya game da aika kuɗi kai tsaye: akwai shafuka na bogi da ke ɗauke da hotunan waɗannan mata a Facebook da TikTok, suna neman taimako da sunan halin da ƙasar ke ciki. Kada a tura komai sai ta adireshin da mawaƙiyar ta saka da kanta a shafinta mai alamar tantancewa, kuma a gwada shi da wanda ke ƙarƙashin bidiyonta a tasharta ta YouTube, a ga ko sun zo ɗaya.